Darasi na Tara: Man Leɓe na Gida

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan sauko mana Jabo daga Hamada, da ƙura da bushewa. Kowa ya san aikinta: kaushi, faso a dunduniya, leɓe ya tsage har ya yi jini. Leɓe ne ke fara shan wuya, domin fatarsa ba ta da kauri, kuma ba ta fitar da maiƙo kamar fatar goshi. Lasa ba ta magani. Miyau na bushewa, tsagar ta ƙaru.

Ba ni zan koya wa matan Tambuwal da Kebbe man kaɗe ba, a hannun kakanninku kuka gan shi. Wannan man da muke rainawa, Turawa suna sa shi a man shafawa da cakulan. A watan Agusta na 2025 ma gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida. Abin da za mu ƙara wa man kaɗen shi ne kakin zuma, don ya daskare ya zauna a leɓe, da ɗan ƙamshi.

A kan ƙamshin nan ne nake da magana. Kada a zuba turare a man leɓe. Duk abin da ya hau leɓe, ciki zai nufa.

Kayan aiki:
Kakin zuma, cokali 1.
Man kaɗe, cokali 1.
Man gyaɗa mai kyau, cokali 2.
Busasshen na'a-na'a, ko busasshen ɓawon lemon zaƙi, ko kanumfari ƙwaya 2.

Babban cokalin cin abinci ake nufi. Kakin kuwa, ki tambayi masu ɗaura amya, su ba ki saƙar da aka matse zuma, ki narkar ki tace.

Ki ɗora tukunya da ruwa kaɗan, ki sa ƙaramin kwano a ciki ya zauna a kan ruwan. Zuba man gyaɗa da abin ƙamshin a kwanon, ki bar su kan wuta kaɗan kamar rabin awa, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Mayar da man, ki zuba kaki da man kaɗe, ki juya har su narke. Zafin ruwa ya ishi kaki, ba ya bukatar harshen wuta. Ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi. In ya yi tauri ƙara mai, in ya yi ruwa ƙara kaki. Sai ki juye a 'yan gwangwanaye busassu masu murfi. Wannan awon zai cika ƙanana kamar 6. Kaɗan ake yi, wanda zai ƙare kafin bazara, domin mai in ya daɗe yakan yi ɗoyi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Turare ne ke ɓata aikin.

Bara na shiga wani gida a unguwarmu bayan la'asar, na tarar da shi a hargitse. 'Yar uwargida, yarinya 'yar shekara huɗu, tana birgima a tabarma, leɓenta ya kumbura ya yi jajir. Ta ƙi fura, ta ƙi ƙuli. Uwar ta tsaya a bakin madafi tana harare-harare, tana cewa ita dai ta san ba a banza ba. Amarya kuwa ta raɓe jikin rumbu kamar kazar da ruwa ya doka. Ita ce ta haɗa man da safe, ta shafa wa yarinyar don neman shiri.

Inna, uwar maigida, ta ce a miƙo mata gwangwanin. Ta buɗe, ta shinshina, ta kawar da kai.

“Ke amarya, mi kinka zuba cikin wanga mai?”

“Turarena na aure, Inna. Ɗigo ukku kawai.”

“Kina shan turare?”

“A'a, Inna.”

“To abin da ba ki sha, don mi za ki ba jikata ta lasa?”

Ana cikin haka sai ga maigida ya dawo daga kasuwar Tambuwal, ya ja rawani ya rufe baki, ga shi ba ƙura a tsakar gida. Inna ta ce, “Kai kuma, sauke mu gani.” Ya sauke. Ashe ya lakato man a ɓoye kafin ya fita, nasa leɓen ya fi na 'yar kumburi. Har uwargida sai da ta yi dariya. Aka wanke bakin yarinya da ruwa mai tsabta, aka shafa mata man kaɗe zalla. Na ce in kumburin bai sauka ba zuwa safe, ko numfashinta ya sauya, a kai ta asibiti ba jira. Allah ya taimaka ya sauka.

Amarya ba ta sani ba, yanzu ta sani. Wadda ke ba ni haushi ita ce maƙwabciyarsu, da ta leƙo ta katanga tana cewa ita shekara da shekaru tana zubawa, ba abin da ya same ta. Na dubi leɓenta, ya yi baƙi ya yi saɓa, kullum tana cewa sanyi ne. Irinta suna da yawa. A faɗa musu a aji su gyaɗa kai, su koma gida su jawo kwalba. Har da masu sayar wa 'ya'yan mutane a gidan biki.

Ba a yi turare don leɓe ba. Akwai sinadarai a cikinsa masu cin fata, balle leɓen da ya riga ya tsage. Na kwalba, na fesawa, humra, duk hukuncinsu ɗaya. Kafin ki zuba komai a kwanon nan, ki yi wa kanki tambayar Inna: ina iya cin wannan? In amsar a'a ce, mayar da shi bakin madubi.

Tambayoyi:
1. Me ya sa leɓe ke tsagewa da hunturu?
2. Cokali 4 ya cika gwangwani 6. Cokali nawa zai cika gwangwani 12?
3. Me amarya ta zuba a man?

Rubuta wannan sau 5 a littafinki:
Ba a zuba turare a man leɓe.