DARASIN UWARGIDA: Tsara Buri da Bin Sawunsa, Daga Littafin Rubutu Zuwa Manhajar Waya

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata matsala da ta zama ruwan dare a gidajenmu, musamman a karkarar arewacin Kano, irin su Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunci da Minjibir. Mace tana suyar ƙuli-ƙuli ko ƙosai shekara da shekaru, ba ta hutawa, amma in aka ce ta nuna abin da ta tara sai ta yi shiru. Ba lalaci ba ne. Kuɗin ne ke shigowa da kaɗan-kaɗan, su fita da kaɗan-kaɗan, ba wanda ya bi sawunsu.

A yau akwai manhajojin waya da aka ƙera don wannan aiki: mutum ya rubuta burinsa, waya ta riƙa nuna masa inda ya kai. Za mu duba yadda ake gina irin wannan manhaja, domin duk wadda ta gane ginin za ta iya yin tata da littafin rubutu da biro, ko da ba ta da babbar waya.

Mece ce manhajar bin buri?

Tsari ne da ake sakawa cikin waya mai yin ayyuka huɗu: ya karɓi buri, ya rarraba shi ƙanana-ƙanana, ya ajiye lissafin abin da aka yi, sannan ya tunatar. Misali, PiggyVest da wasu matasa suka kafa a Legas a 2016, asusun katako da ake tara kuɗi a gida suka kwaikwaya, suka mayar da shi cikin waya.

Mu ma muna da tarihi a nan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta Nijar, inda mata ke haɗuwa duk mako su yi zubi a akwati guda, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango. Daga can tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har daga baya aka yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi manhaja mai suna Chomoka a Tanzaniya. Kun ga ashe dabarar ta riga waya zuwa.

Ginshiƙi na ɗaya: buri mai adadi da rana

"Ina so in samu rufin asiri" addu'a ce mai kyau, amma ba a iya auna ta. "Ina so in sayi 'yar akuya kafin Babbar Sallah" shi ne buri, don yana da abu, yana da lokaci. Tun a 1968 wani masani ɗan Amurka mai suna Edwin Locke ya nuna cewa wanda aka ba shi ƙayyadadden abin da zai cimma ya fi ƙoƙari a kan wanda aka ce masa ya yi iya yinsa kawai. Ki ɗauki buri ɗaya ko biyu. Mai burin goma a lokaci guda, ƙarshenta ba ta kama ko ɗaya ba.

Ginshiƙi na biyu: rarrabawa

A ce, a misali, abin da kike so zai ci N50,000, kuma saura mako 24. In kina ware N300 kullum, a mako kin samu N2,100, a mako 24 kin haɗa N50,400. Dubu hamsin tana ba da tsoro, amma ɗari uku ba ta ba da tsoro. Da yayyafi kogi kan cika. Haka ma karatu: wadda ke son haddace izu guda a Islamiyya, ta ƙirga shafukan, ta raba su da makonnin da take da su.

Ginshiƙi na uku: rubutawa

Wannan shi ne wanda muka fi sakaci da shi. A 2016 wasu masana sun tattara sakamakon bincike 138, suka gano cewa masu duba inda suka kai a kai a kai sun fi cimma burinsu, kuma amfanin ya fi yawa idan an rubuta, ko an faɗa wa wani. Ƙwaƙwalwa tana yi wa mai ita sassauci. Za ta tuna miki ranakun da kika zuba, ta manta da ranakun da kika ciro don biki ko suna.

Ginshiƙi na huɗu: waiwaye

Ki tsayar da rana guda a mako ta lissafi. A ƙasar Dambatta, inda kasuwa ke ci ranar Lahadi, daren Lahadi ya dace, don a ranar ne aka fi sanin abin da aka sayar da kuma farashin kaya. Tambayoyi uku za ki yi wa kanki: nawa na yi niyya, nawa na yi, me ya hana?

Yadda za ki gina taki

Ki samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A shafin farko ki rubuta burin da ranarsa. A na biyu ki ja layi ki fitar da gidaje biyar: mako, abin da na yi niyya, abin da na zuba, abin da na ciro, jimla. A bangon littafin ki zana tsani mai matakai daidai da yawan makonnin, duk makon da kika cika sai ki shafe mataki guda. Wannan tsanin shi ne abin da masu manhaja ke nunawa da layi mai cika a fuskar waya.

Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami. Wadda ba ta iya ko ɗaya ba, ta yi zane-zane kamar yadda iyayenmu ke ƙirga bashi a jikin bango, ko ta riƙa jefa ƙwayar wake a gwangwani duk ranar da ta zuba. Mai ƙaramar waya kuma ta saita ƙararrawa ta riƙa tunatar da ita.

Abubuwa biyu da suka keɓanci yankinmu

Na farko, lokaci. Ƙasarmu cike take da jama'a, gona na manne da gona, ba a barin fili ya huta, dajin kiwo kuma ya yi ƙaranci. Shi ya sa ake ɗaure dabbobi da damina, ake kuma dogaro da harawa da karmami da dusa. Harawa tana araha da kaka, ta yi tsada da bazara. Ita kuwa Sallah kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana 11. A 2025 Babbar Sallah ta kama 6 ga Yuni, wato daidai lokacin da abincin dabba ya fi tsada. Saboda haka mai turkar rago dole lissafinta ya fara tun kaka, ta tanadi harawa kafin ta sayi ragon.

Na biyu, darajar kuɗi. A farkon 2023 canjin kuɗi ya rutsa da mata da yawa da tsofaffin takardu a asusu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, kaya suka yi ta hawa, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Darasin shi ne, ki rubuta burinki da sunan kaya, ba da adadin kuɗi kaɗai ba. Duk wata ki sa a tambayo farashi, ki gyara zubinki. In abin da kika tara ya isa sayen kwanon gyaɗa ko wake da kaka, gara ki mayar da shi kaya da ya zauna a gwangwani yana narkewa.

Saƙo ga 'ya'yanmu masu ilimin kwamfuta

Da yawanmu muna da 'ya'ya ko ƙanne a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, wasu kuma sun samu horo a cibiyoyi irin su CITAD a Kano. Ƙwararren mai gina manhaja ba ya fara da kwamfuta. Sai ya zana a takarda, ya ba masu amfani su gwada, ya ga inda suke tuntuɓe. To, littafin nan naki shi ne zanen farko. In matan ƙungiya ashirin suka riƙe shi wata uku, sun tara wa mai gini ilimin da ba zai samu a aji ba. Ga abin da za mu nema a wurinsa:

1. Ta yi magana da Hausa, da murya da hotuna, saboda marasa karatu.
2. Ta yi aiki ko babu intanet, kada ta cinye data da caji.
3. Ta san watannin Musulunci, da damina da kaka, da ranakun kasuwa.
4. Ta karɓi lissafi da kwano da buhu da kan dabba.
5. Ta zama da lambar sirri, don sau da yawa waya ɗaya ce ake karɓa-karɓa a gida.
6. Wadda ta yi fashin mako guda kada a goge mata ƙoƙarinta na baya. Ciwon yaro da haihuwa ba sa sallama.

Hattara

Manhajar da ke ƙirga miki daban take da wadda ke karɓar kuɗinki. Kafin ki tura ko sisi, ki bincika ko hukuma ta san da ita, ki kuma tambaya ko akwai kuɗin ruwa a ciki. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, Kano na cikin rassansa na farko. Duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi cikin wata guda, ki guje shi. Kada kuma ki ba kowa lambar sirrinki ta waya, ko da ya ce daga banki yake.

Sannan yana da kyau maigida ya san burin da kika sa a gaba. Dukiyarki taki ce, amma shawara tana rage zargi, wataƙila ma shi zai riƙa jiyo miki farashi a kasuwa.

Aikin gida

Kafin taro na gaba, kowacce ta rubuta buri guda da ranarsa, ta raba shi mako-mako, ta kuma zaɓi 'yar'uwa ɗaya amintacciya da za su riƙa duba littafin juna. Shugabannin rassa su ware minti goma a kowane zama don jin inda aka kwana, ba tare da kunyata kowa ba.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya rufa mana asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, wassalam.