Me za mu zuba ƙarƙashin pabe?

A Maraɗi magidanta da yawa suna shimfiɗa pabe, wato ƙananan tubalan siminti, daga bakin hanya zuwa ƙofar gida, inda mota ko amalanke ke shiga. Aiki ne mai kyau. Amma pabe ba ya riƙe kansa, abin da ke ƙarƙashinsa ne ke riƙe shi. In ƙasa ta lotsa, ruwa zai kwanta. Ruwan da ya yi kwana 10 a kwance ya ishi sauro ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, har ya tashi. Ga shi kuwa kusa da ɗakin da yaranmu ke kwana. Daga nan sai masassara.

Saboda haka, kafin mu sayi komi, mu dubi ƙasar wurinmu. A kan tudu, inda birni ya koma bayan ambaliyar gulbi ta 1945, rairayi ne. Yana shanye ruwa, amma yana zamewa in nauyi ya taka shi. A kwarin Gulbin Maraɗi, kamar fadamun Jiratawa da na Tibiri, akwai laka. Laka tana kumbura da damana, tana darewa da rani. Mu jiƙa ƙasa kaɗan, mu murza ta a tafin hannu. In ta wargaje, rairayi ne. In ta miƙe kamar igiya, laka ce.

Ko wacce muka tarar, abin da ya fi dacewa shi ne jar marmara mai tsakuwa. Mu haƙa, mu kwashe ƙasar sama. A kan rairayi mu zuba marmara santimita 15. A kan laka mu zuba 20, wajen taƙi guda ke nan. Kada mu zuba ta gaba ɗaya. Mu zuba rabi, mu yayyafa ruwa, mu daɓe, sannan mu ƙara sauran. Iyayenmu mata sun san wannan tun da can: daɓen ɗaki ba ya yin ƙarfi sai madaɓi ya sha aiki. Nan ne wasu magina ke gaggawa, don aikin da aka binne ba a ganinsa. Mai gida ya tsaya a wurin.

Buraguzan tsohon ginin siminti suna yi, in an farfasa su ƙanana. Ƙasar juji ba ta yi, domin tana ruɓewa ta lotsa. Kankare yana da ƙarfi, amma da tsada, kuma ba ya shan ruwa.

Bisa marmara sai yashi mai tsabta, kaurin yatsa biyu kawai. Sannan mu jera pabe mai kaurin santimita 8, mu kama gefe da siminti, mu share yashi cikin tsagoginsa.

Tun daga marmara za mu ba wurin gangare: santimita 2 a kowace mita. Ruwa ya nufi magudana. Kada ya nufi gindin katangarmu, ko ta maƙwabci, balle in ginin ƙasa ne.