Kankare: Rowar Ruwa Wajen Kwaɓi, Kyauta Bayan Zubi

Kaka ta wuce, an sussuke gero, an sayad da gyaɗa da rogo, kuɗi sun ɗan shigo hannu. Yanzu ne manoman Wagini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana su kan tashi gyaran gida. Wannan zai ɗaure bakin rijiya, wancan zai yi daɓen ɗakin ajiya saboda ɓera da gara, wani kuma kwamin shayad da shanu ya ke so. Duk aikin siminti ne, siminti kuwa ba araha gare shi ba. Sau da yawa mutum ya kan zuba kuɗin noman shekara a daɓe, kafin damina biyu ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka a wannan mako za mu bayyana muku sunayen abubuwan aikin da ma'anarsu, don ku san abin da za ku duba in magini yana yi muku aiki.

Da fari, siminti dabam, kankare dabam. Siminti shi ne garin nan mai launin toka da a ke sayarwa a buhu mai nauyin kilo 50. Da dutsen farar ƙasa da yumɓu a ke yinsa, a ƙona su a wuta mai tsananin zafi, sa'an nan a niƙe. Wani magini Bature, Joseph Aspdin na birnin Lids a Ingila, shi ya yi rajistar irin wannan siminti a 1824. A Nijeriya an fara yinsa a Nkalagu a 1957, a nan Arewa kuwa masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967. In an kwaɓa siminti da yashi da ruwa kaɗai, wannan kwaɓin ɗora bulo ne ko na filasta. Sai an ƙara tsakuwa a ciki kana ya zama kankare.

Tsakuwa ita ce ƙashin kankare, yashi shi ke cike tsakanin tsakuwa, siminti da ruwa su ke riƙe su duka. Ƙasarku ƙasar duwatsu ce, da rani kuma rafuka su kan ƙafe su bar yashi, don haka ba ku da wahalar waɗannan biyu. Amma ku nemi fasasshen dutse mai tauri, wanda girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, kada ku yarda da ɓurɓushin marmara mai murmushewa. Yashi kuma mai kaushi a ke so, wanda babu laka ko ganye a ciki. Ga yadda a ke gwada shi: a zuba shi a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye har ya kwanta. Laka za ta kwanta a bisa yashin. In kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin goma, a wanke yashin ko a sake wuri.

Sai awo. Idan kun ji magini ya ce 1:2:4, nufinsa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu ɗaya kusan kwanon sarki biyu ne, watau ke nan buhu ɗaya zai ci kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Wannan shi ne awon daɓe da kwami da bakin rijiya. Ga lissafi ga malaman ofis da 'yan kasuwa: ɗaki mai tsawon ƙafa 12, faɗi ƙafa 10, in za a yi masa daɓe mai kaurin inci 4, zai ci buhu 7 ko 8. Wanda ya ce zai gama shi da buhu 4, ƙarfin daɓenku ya rage muku.

To, yanzu ga babbar magana, watau ruwa. Mutane da yawa suna tsammani kankare bushewa ya ke yi kamar ginin ƙasa. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa ya ke yi da ruwa, su zama wani abu mai tauri kamar dutse, har ma cikin ruwa ya kan yi ƙarfi. Amma ruwan da ya ke bukata wajen kwaɓi kaɗan ne, wajen jarka ɗaya mai lita 25 a kan buhu, a rage in yashin da danshi. Leburori su kan so su tsinka kwaɓi don ya yi sauƙin juyawa da shebur. Kada ku yarda. Rarar ruwan za ta fita daga baya, ta bar ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, su ne ke raunana kankare. Kwaɓi mai kyau kamar tuwo mai laushi ya ke, ba kamar kunu ba.

A fara juya kayan a bushe, a kan wuri mai tsabta, har launinsu ya zama ɗaya, kana a sa ruwa. A zuba kwaɓin kafin rabin sa'a, don daga nan zai soma kamawa, kuma wanda ya soma kamawa ba a sake tsinka shi. A caccaka shi da sanda iska ta fita, in ba haka ba ran da aka cire katako za ku ga ramuka kamar saƙar zuma. Mai kwaɓi ya sa takalmin roba, gama siminti yana cin fata.

Da zarar ya kama, sai rowa ta ƙare, kyauta ta soma. Wannan shi ne ban ruwa. Iskar hunturu da zafin bazara su kan tsotse ruwan kafin siminti ya gama aikinsa, shi ya sa daɓe ke yin ƙura yana tsagewa. A rufe shi da tsofaffin buhuna ko karmami ko jiƙaƙƙen yashi, a riƙa yayyafa ruwa safe da rana da maraice har kwana 7 aƙalla. A kwana 7 ya kan sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, masana kuwa a kwana 28 su ke auna shi. Kada a jibga buhunan hatsi a sabon daɓe kafin lokacin.

Saura rodi. Kankare yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa, ƙarfinsa a nan bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Saboda haka murfin rijiya da kan ƙofa da rufin soro dole a sa musu rodi, kankare ya lulluɓe shi da kaurin inci ɗaya aƙalla don kada ya yi tsatsa. Rufin soro kam ran iyali ke ƙarƙashinsa, a nemi injiniya ya tsara shi.

In kun sayi siminti ku ɗora shi bisa katako nesa da bango, kada ya wuce wata uku. Wanda ya yi gudaji masu tauri ya riga ya mutu, ko an rage kuɗi kada ku saya, araha ba ta ado. Allah Ya sa albarka a abin da aka noma, amin.