Yadda Ake Koyon Haɗa Sauti ta Hanyar Kwas na Intanet

Sana'ar ɗaukar murya da tace ta da haɗa ta da kiɗa, wadda a da ba a samun iliminta sai mutum ya lizimci wani gwani a gidan rediyo ko situdiyo, yana naɗe masa waya yana share masa ɗaki har a yarda ya taɓa na'ura, yau ta zama abin da ɗalibi zai nema yana zaune a ɗakinsa, muddin yana da kwamfuta da data da haƙurin zama. Kwalejin kiɗa ta Berklee da ke birnin Boston na Amurka tana da darussan wannan fanni a dandalin Coursera, wanda aka kafa a 2012, ban da wasu makarantu da malamai masu yawa. Sai dai yawan darasi bai lamunce wa kowa ƙwarewa ba, domin da yawa sukan kalli bidiyo daga farko har ƙarshe su karɓi takardar shaida, alhali in aka ce su ɗauki muryar mai wa'azi ko mawaƙi sai abin ya fito da gurnani da kuwwa. Sababin haka kuwa shi ne sun yi karatun da ido, ga shi ko a wannan sana'a ji ne yake korar gani. Ga tartibin da ya kamata ɗalibi ya bi.

Mataki na farko: zaɓen kwas da tsara lokaci

Ka zaɓi kwas guda, kada ka raba himmarka tsakanin malamai biyar, kuma kafin ka biya ko sisi ka duba jerin babobinsa: lalle ne ya fara da asalin sauti, sa'an nan makirufo da hanyar da murya take bi har ta shiga kwamfuta, sa'an nan tacewa da haɗawa. Babban sharaɗi shi ne ya kasance da aikin yi da ake dubawa, domin kwas ɗin da ba ya neman ka miƙa aiki bai wuce kallo ba. In kuɗin ya fi ƙarfinka, Coursera tana da hanyar neman tallafi. Ka sauke darussan mako da dare, lokacin da data take da rahusa, don kada katsewar intanet ta yanke maka muɗala'a.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce ta karatun zaure, inda ba a yi wa almajiri ƙari sai ya biya na jiya: duk darasin da ka kalla, kada ka buɗe na gaba sai ka aikata shi da hannunka, ka saurari sakamakon da kunnenka a wannan rana.

Mataki na biyu: tanadin kayan aiki

Manhajar Audacity kyauta ce, tun 2000 take hannun jama'a, ta kuma wadatar ga mai aikin magana zalla, kamar karatu da shirin rediyo. Mai nufin waƙa da kiɗa yana bukatar abin da ya fi ta faɗi, kamar Reaper, wadda ake gwadawa kwana 60 kafin a saya, ko FL Studio da Cubase waɗanda suka yawaita a situdiyoyinmu. Wadda malaminka yake amfani da ita ta fi maka sauƙi, kuma in ka kama ɗaya kada ka sake ta sai kwas ya ƙare.

Makirufo iri biyu ne suka shahara. Akwai dainamik, irin wanda ake riƙewa a wurin taro, mai jure wahala, wanda ake kusantarsa da baki har murya ta rinjayi hayaniyar gefe. Akwai kuma kondensa, mai kaifin ji, wanda galibi ba ya aiki sai an tura masa lantarki mai ƙarfin bolt 48 daga akwatin nan da yake sada makirufo da kwamfuta, wanda masu sana'a suke kira saun-kad. Ɗalibai sukan ruɗu da kondensa saboda shi suke gani a hotunan manyan situdiyo, alhali wanda ɗakinsa yake bakin titi dainamik ya fi masa alheri. Ka ƙara da hedfon mai rufe kunne ruf, domin kada kiɗan da mawaƙi yake ji ya tsiyaya ya koma cikin makirufo.

Mataki na uku: fahimtar asalin sauti

Wannan shi ne babin da ɗalibai suke gaggawar tsallakewa, shi ne kuma ginshiƙin sauran. Sauti girgizar iska ne. Yawan girgizar a daƙiƙa guda ana auna shi da haz, shi ne yake bambanta kauri da sirantaka, ƙarfinta kuwa ana auna shi da desibel. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga haz 20 zuwa 20,000, sa'an nan na sama ya riƙa raguwa da shekaru. Kwamfuta tana ɗaukar sauti ne ta hanyar auna shi sau dubbai a daƙiƙa, kuma wajibi ne awon ya kai ninki biyu na sauti mafi sirantaka da ake son kamawa, shi ya sa faifan CD yake da 44,100, aikin fim kuwa 48,000. Saboda haka tun kafin ka danna maɓallin ɗauka ka san inda aikin zai tafi, ka saita 48,000 in na bidiyo ne, ka kuma zaɓi bit 24 maimakon 16 don ka sami sarari.

Mataki na huɗu: gyaran ɗaki

A nan ne ɗalibin ƙasarmu yake rabuwa da malaminsa na Boston, wanda ba ya fama da janaretan maƙwabci ko hon na masu adaidaita sahu. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka kasa kunne: in ka ji tafin ya bar wutsiya tana kaɗawa tsakanin bango da bango, to haka muryarka za ta fito, kuma da wuya wata manhaja ta cire wannan ba tare da ta ɓata muryar ba. Maganinsa abubuwa ne masu laushi da kauri: ka jingina katifa a bangon da yake bayan mai magana, ka rataya bargo a gefe, ka shimfiɗa darduma a kan siminti, ka sake tafawa har wutsiyar ta gajarta. Kwalin ƙwai da wasu suke mannawa a bango ba ya tare ƙarar waje, fa'idarsa kaɗan ce ainun.

Ka kashe fanka da firji, ka nemi lokacin da unguwa ta yi tsit. In har yanzu kana jin wani gurnani mai kauri a hedfon, ka zare cajar kwamfutar ka bar ta a kan batir. In ya ɗauke, daga wutar lantarki yake. Ka lura, malamin Amurka zai ce ka nemi wannan gurnani a haz 60, domin haka wutarsu take, amma tamu ta Nijeriya da Nijar da Gana 50 ce, sai ka neme shi a 50 da 100 da 150.

Mataki na biyar: ɗaukar murya

Ka bar tazarar kamar santimita 15 tsakanin baki da makirufo, ka sa raga a tsakani, ko da ta safa ce da aka ɗaura a zoben waya, saboda haruffa irin su fa da ba da ta suna furzo iska mai bugun makirufo. Ka gargaɗi mai magana kada ya riƙa gaba da baya, domin in ya ninka tazarar ƙarfin muryarsa zai ragu da kusan desibel 6, in kuwa ya matso ƙwarai muryar za ta yi kauri fiye da kima. Ka sa shi ya faɗi wurin da ya fi ɗaga murya, ka daidaita maɓallin ƙarfi har mizanin ya tsaya tsakanin desibel -12 da -6; sifili shi ne haddi, duk abin da ya taɓa shi ya fashe, fasasshiyar murya kuwa ba ta komawa daidai. Kafin a tashi ka ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30, zai yi maka amfani wajen cike gurbi da rage ƙara. In ɗauka ta ɓaci, a sake nan take; minti biyar na maimaici ya fi awa uku na faci.

Mataki na shida: tacewa da haɗawa

Ka adana asalin ɗaukar a wuri dabam, ka yi aiki a kan kwafi. Fara da yanke kurakurai da tari, amma kada ka share numfashi duka, domin maganar da ba numfashi ba ta kama da ta ɗan Adam. Sa'an nan ka daidaita ƙarfin murya da na kiɗa tun kafin ka taɓa wani abu, saboda rabin haɗin sauti a nan yake. Bayan haka sai ikwalaiza: ka yanke abin da yake ƙasa da haz 80, ka rage kaɗan tsakanin 200 da 400 in muryar ta yi duhu, ka ƙara kaɗan tsakanin 3,000 da 5,000 in kalmomi ba sa fita, ka kuma lura da kaifin sa da sha da tsa wanda yakan taru daga 5,000 zuwa 8,000. Sai kwamfiresa, wadda take danne wuraren da murya ta yi tsalle don ta daidaita. Ka fara da nisbar 3 da 1, ka bar ta tana rage desibel 3 zuwa 6. Eko shi ne na ƙarshe, kuma illar da ta fi yawa a aikin masu koyo ita ce zuba shi har kalmomi su nutse.

Waɗannan lambobi mafari ne kurum, hukuncin na kunne ne. Duk gyaran da ka yi, ka rufe ido ka kunna shi ka kashe shi, da ƙarfi iri ɗaya, domin kunne yana da ɗabi'ar fifita abin da ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. In ba ka ji bambanci ba, cire shi.

Mataki na bakwai: fitarwa da neman gyara

Ka fitar da aikin a WAV don ajiya, wanda minti guda nasa yakan ci kamar megabait 10 a ma'aunin CD, ka yi MP3 don aikawa. Ka auna ƙarfinsa da ma'aunin LUFS: Spotify yana daidaita waƙoƙi a -14, ƙa'idar gidajen rediyo da talabijin na Turai kuwa -23 ce. Sa'an nan ka saurare shi a lasifikar waya da rediyon mota da ƙaramar lasifikar shago, tun da yake a nan mafi yawan jama'a za su ji shi. Ka miƙa shi ga abokan karatu, ka nemi su faɗi minti da daƙiƙar da suka ji aibi, kai ma ka duba nasu da adalci, domin gano kuskuren wani yana wasa kunne fiye da jin yabo. Ka kuma kiyaye kunnen nan da yake jarinka: masana sun yi gargaɗi cewa zama cikin ƙarar desibel 85 fiye da awa 8 a rana yana lalata ji, jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa, don haka ka yi aiki da sassauci, ka riƙa hutawa bayan kowace awa.

In kwas ya ƙare, kada ka zauna jiran wani sabo. Ka nemi aiki na haƙiƙa kusa da kai, ko karatun malamin unguwa, ko tatsuniyar wata tsohuwa, ko waƙar abokinka, ka nemi izininsu, ka ɗauka ka tace ka miƙa musu, ka karɓi gyaran da za su yi maka da hannu biyu. Takardar shaida tana da ranarta, amma mai ba da aiki abin da zai fara cewa shi ne ka kunna masa ya ji. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a cikin nema.