Malamin Wucin Gadi a Manyan Makarantun Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya san fadamar Haɗeja ya san cewa aikin lada a gona iri biyu ne. Akwai ƙwadago, watau mutum ya yini yana aiki a biya shi kuɗin yininsa da yamma. Akwai kuma jinga (ba jingar da ake yi wa kogi don tare ambaliya ba), inda ake zagaya gona a nuna iyakar aikin, a yanke lada, sa'an nan a sa fartanya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa aikin malamin wucin gadi a kwaleji ɗan'uwan jinga ne. Ba shi da albashin wata, ba shi da fansho, ba kuma lalle ya sami ko da teburin kansa ba. Abin da aka rubuta shi ne madogararsa, kuma yawancin wahalarsa daga sakaci da rubutu take tasowa.

Irin wannan malami ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare ga kowa, ta daɗe tana dogara da malaman wucin gadi da ke koyarwa a ƙarshen mako da lokacin hutu. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 manyan makarantu sun ƙaru. A Haɗeja akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, wadda asalinta kwalejin aikin gona ce. A Kafin Hausa akwai Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a 2013. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel a maƙwabta. Makarantu irin waɗannan sukan buƙaci wanda ya yi aikin da hannunsa: malamin gona, likitan dabbobi, injiniyan ban ruwa, ko tsohon malamin sakandare mai Hausa ko lissafi. Haka abin yake har a Amurka, inda kwalejojin shekara biyu suke ɗora babban kaso na koyarwarsu a kan malaman wucin gadi.

Abu na farko shi ne takardar ɗauka. Sau da yawa shugaban sashe ne yake neman mutum da baki, saboda sanayya, a gidan suna ko bayan sallar Juma'a, kunya kuma ta hana a yi zancen kuɗi. To, shugaban sashe yana ba da shawarar a ɗauka ne kurum. Ofishin magatakarda ne mai ɗauka, ofishin kuɗi kuma ba ya biya sai ya ga takarda. Saboda haka wajibi ne malam ya karɓi takarda kafin ya riƙi alli, ya kuma duba ta faɗi darasin da zai koyar, da sa'o'insa a mako, da zangon karatun da ta shafa, da yadda za a lissafa alawus, ko da sa'a ko da darasi, da kuma ko duba takardun jarrabawa yana ciki. Wanda yake ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin hakki a kansa, domin Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci cin albashin muƙamin gwamnati biyu a lokaci guda. Hanyar tsira ita ce ya nemi izinin ma'aikatarsa a rubuce, ya kuma tsara darasinsa a wajen lokacin ofis.

Daga nan sai manhaja. Darussan difloma suna bin tsarin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, na kwalejojin ilimi kuwa suna bin na Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa ta 1989. Mai gwanintar aiki yakan so ya shiga aji ya yi ta zuba labarin abin da ya gani a fage, har zango ya ƙare bai taɓa rabin manhaja ba, alhali kuwa a kanta za a yi jarrabawa. Wannan zalunci ne ga ɗalibai, ko da labarin yana da daɗi.

Duk da haka, gwanintar nan ita ce dalilin kiransa, kuma kogin da ke bakin gari ya fi kowane littafi misali. Mai koyar da ban ruwa zai iya nuna yadda madatsar Tiga, da aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992, suka canza tafiyar ruwa: ambaliyar damina da ke shayar da fadama ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani. Daga nan ɗalibi zai gane dalilin da ciyawar kacala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Guri da Kirikasamma, ta hana masunta da manoma sakat. Mai koyar da Hausa ma ba a bar shi a baya ba, domin sunayen kifaye da na kayan su, irin su koma da mali da gora, sun isa darasi guda a kan kalmomin sana'a.

Sai dai kogin nan da yake ba da misali shi ne kuma yake cinye lokaci, kuma nan ne jadawalin makaranta ya kan saɓa da na ƙasa. Daga Agusta zuwa Satumba ruwa yana cika, kuma a shekaru irin su 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Haɗeja, ta ci gonaki da gidaje, ta yanke hanyoyi. Ɗalibin da ke zuwa daga wani ƙauyen Auyo yana iya kwana goma bai ga aji ba, ba don wasa ba. Wajen Nuwamba kuma, lokacin yankan shinkafa da shukar alkama, aji yakan rame. Malamin dindindin yana da sararin ramuwa. Na wucin gadi, mai zuwa sau ɗaya a mako, in ya rasa Asabar uku ya rasa babban yanki na zangonsa. Dabara ita ce ya gabatar da batutuwa masu nauyi tun farkon zango, ya raba gwajin auna fahimta gida biyu ko uku maimakon ya tara shi rana ɗaya, tun da yakan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin ɗari na maki. Darasin ramuwa kuwa a sanar da shugaban sashe a rubuce, don a ƙidaya shi.

Rajistar halarta tana da amfani biyu, kuma sabon malami yakan hangi ɗaya kawai. Galibin manyan makarantu suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari kafin ɗalibi ya zauna jarrabawa. Amma takardar nan da ɗalibai suka sa wa hannu, mai kwanan wata da batun darasi, ita ce kuma shaidar malam ranar da zai cike fom ɗin neman alawus. Kuɗin wucin gadi yakan yi jinkiri, wani lokaci har shugaban sashen da ya san maganar ya sauka. Sabon kuwa takarda zai tambaya.

Game da zaman tare, malam ya tuna baƙo ne. Ya gaida akawun sashe da masinja kamar yadda yake gaida Dokta, domin su ne suka san inda mabuɗin aji yake da ranar da aka sauya jadawali. Sanarwar da aka liƙa ran Talata ba za ta jira mai zuwa ran Asabar ba, sai in yana da wanda zai buga masa waya. Ya kuma guji tilasta wa ɗalibai sayen takardun laccarsa don cike giɓin alawus. Akwai wani abu mai wuya da ya fi wannan: a gari irin Haɗeja, inda kowa ya san gidan kowa, ɗalibi yana iya sallama da ƙwaryar shinkafa ko bandar kifi ana saura mako jarrabawa. Mayar da kyauta abin kunya ne a al'ada, amma karɓarta a wannan lokaci ya fi muni, kuma gara a sanar da aji tun ranar farko cewa Malam ba ya karɓa.

Jingar ba ta cika ba sai an miƙa sakamako. Takardun amsa dukiyar makaranta ne, ba a barin su a but ɗin mota ko a ba wani ɗalibi ya taya lissafi. A ƙirga su wajen karɓa, a ƙirga wajen mayarwa, jami'in jarrabawa ya sa hannu a kan adadin. Malam ya riƙe kwafin takardar maki a gida aƙalla har ɗaliban su gama, domin sakamakon da ya ɓata yakan bayyana ne bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da ɗalibi ya zo karɓar shaidar kammalawa, shi kuwa malam ya daɗe da barin makarantar.