Miyar Ganye Tsakanin Magariba da Isha'i

'Ya'yana, maza da mata, ina so mu yi magana a kan abincin daren ranar aiki. Girkin Sallah da na suna kowa yana ba su haƙƙinsu. Ina nufin daren Talata ko Laraba, lokacin da kuka dawo daga ofis ko makaranta ko kasuwa, ƙafafu sun yi nauyi, ga yunwa tana ci. A irin wannan dare ne nake ganin yawancinku kuna miƙa hannu ga taliyar leda, ko shayi da burodi, ko ku aika a sayo muku abin da ba ku san yadda aka dafa shi ba. Ban ga laifinku ba, na san gajiya. Sai dai irin waɗannan darare su ne suka fi yawa a shekara, kuma abin da kuke ci a cikinsu shi ne yake zama jini da tsoka. Shi ya sa nake roƙonku ku iya miyar ganye ko da guda ɗaya ce, ku iya ta sosai, har hannunku ya riƙa yin ta ba sai kun tsaya tunani ba.

Ku fara da alayyahu, don ya fi sauran sauƙin kai. Ana samunsa rani da damina, daga kasuwar 'Yankaba ta Kano har wurin mai kayan miya na bakin layinku. Ku zaɓi wanda ganyensa ke tsaye shar, ku bar wanda ya yi yaushi ko ya fara rawaya. Ku haɗa da albasa babba, tattasai biyu ko uku, attarugu gwargwadon ƙarfin bakinku, tumatir kaɗan, daddawa, da ɗan busasshen kifi idan Allah ya hore. Idan bai hore ba, daddawa da gyaɗa sun isa su riƙe tukunya.

Wankin ganye shi ne inda masu sauri suke faɗuwa. Ku tsinke shi, ku zuba a ruwa mai yawa da ɗan gishiri, ku motsa, ku bar shi ya ɗan zauna. Sannan ku tsamo ganyen da hannu zuwa wani kwano. Kada ku tsiyaye ruwan ta kansa, domin yashin da ya kwanta a ƙasa zai sake komawa jikinsa. Ku maimaita har ƙasan kwanon ya fita tas. Ku tuna wasu lambunan gefen gari da ruwan kwata ake ba su ruwa, saboda haka wannan wanki ba na yashi kaɗai ba ne. Kuma sai an gama wankewa ake yankawa. Wanda ya yanka sannan ya wanke, ai koren ruwan nan da ya zubar amfanin ganyen ne ya tafi lambatu.

Ku ɗora tukunya, ku zuba manja ko man gyaɗa. Idan manja ne, kada ku bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe. Jan nan nasa shi ne amfaninsa ga ido da fata. Ku jefa albasa ta yi laushi, ku zuba jajjagen tattasai da attarugu da tumatir, ku rage wuta. Nan ma ana buƙatar haƙuri. Ku bar shi ya soyu har tsamin tumatir ya mutu, ruwansa ya tsotse, mai ya taso sama. Miyar da aka gaggauta a wannan gaɓa, ko dunƙule nawa aka marmasa mata, ɗanyen ɗanɗanon nan ba ya ɓuya. A cikin wannan jiran za ku iya ɗora ruwan tuwo ko shinkafa, ku jiƙa kifin a ruwan zafi ku cire ƙaya.

Sai daddawa. Na san akwai a cikinku masu toshe hanci idan an ambace ta. Ku daka ta da kyau ku sa ta tun da wuri, warin zai bi tururi ya tafi ya bar muku garɗi. Kakanninku da kalwar ɗorawa suka yi ta girki tun kafin a san dunƙulen kanti. Ban ce ku daina sa dunƙule ba, amma ku sani gishiri ya yi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abincin yini a haɗe. Hawan jini kuwa kun ga yadda ya shiga gidaje. Ku sa dunƙule ɗaya, ku ɗanɗana, kafin hannu ya kai ga gishiri.

Ku zuba ruwa kaɗan da kifin da cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ya ɓararraka. Ganye shi ne na ƙarshe. Ku zuba, ku juya, ku rufe kamar minti 5, ku sauke yana kore. Zai fitar da nasa ruwan, don haka kada ku cika ruwa tun farko. Alayyahu ba ya buƙatar kanwa; tana sa ganye ya yi laushi da sauri, amma tana kashe wani sashe na amfanin ganye. Duka aikin nan, idan hannu ya saba, kuna idar da magariba ku shiga kicin, kafin kiran isha'i kun sauke.

Idan kun iya wannan, ƙofar sauran ta buɗe. Ku jefa yankan kabewa tun farko ta narke, ku ƙara ɗan damƙin yakuwa, kun kama hanyar taushe ke nan. Zogale ya fi alayyahu tauri, a ba shi lokaci. Kuma kada ku ɗaure miyarku a jikin tumatir. A shekarar 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har ya gagari talaka, gidajen da suka san kabewa da kauɗa da yakuwa ba su rasa miya ba.

Ku samari, da ku ma nake. Wanda yake zaune a ɗakin haya a Abuja ko Zariya, ko wanda matarsa ta kwanta jego ko ciwo, tukunya ɗaya da risho sun ishe shi. Babu abin kunya ga namiji ya iya ciyar da kansa da iyalinsa.

Idan miyar ta yi saura, ku zuba wa maƙwabci a kwano. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Abu Zarri da ya tuna da maƙwabtansa idan ya dafa romo. Abin da ya rage kuma, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ku tafasa shi kafin ku kwanta, ku rufe, da asuba ku sake tafasa shi sosai kafin a ci da ɗumamen tuwo. Idan kuka ji ya sauya wari ko ya fara kumfa, ku zubar, kada ku ba yara.