Tsirran Dangin Primula a Birtaniya: Kowane Nau'i da Mazauninsa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona da damina ya san cewa ciyawar fadama daban take da ta jigawa, ko da kuwa tsakaninsu bai wuce taku ɗari ba. Manomi ya san haka tun kafin a rubuta shi a littafi. Abin da masanin halittu ya ƙara a kai shi ne neman dalili: me ya ɗaure wannan tsiro a wannan wuri, kuma me zai same shi in wurin ya sāke? A darasinmu na wannan fitowa za mu bi wannan tambaya har tsibirin Birtaniya, mu duba waɗansu 'yan tsirran daji na dangin da masana ke kira Primulaceae. Na zaɓe su ne domin ba su da yawa a can, kuma an fi shekara 150 ana nazarinsu.

Siffar tsiron

Babban gida a cikin wannan dangi shi ne Primula, wanda ke da nau'i fiye da 400, mafi yawansu a tsaunukan Himalaya da yammacin ƙasar Sin. Tsirrai ne masu son sanyi da laima, shi ya sa ba mu da su a filayenmu. A Afirka kudu da Sahara sai a tsaunukan Habasha da kewayensu ake samun Primula, ko da yake wani ɗan uwansu na nesa, itacen Maesa lanceolata, yana fitowa a tsaunin Mambila da tsaunukan Kamaru. Sunan kansa daga kalmar Latin mai ma'anar "na fari" ya fito, domin a Turai suna cikin furannin da ke fara buɗewa idan sanyin hunturu ya sassauta.

Ganyen Primula a gindi yake taruwa, ya bazu a ƙasa kamar faifai, kuma tsiron yana shekaru da yawa a wuri guda. Furen yana da kunnuwa biyar waɗanda suka haɗe daga ƙasa suka zama ɗan bututu kamar mazurari. A cikin bututun akwai jakunkuna biyar masu ɗauke da garin fure, watau ɓangaren namiji, akwai kuma siririn kara mai ɗan kai a samansa, watau ɓangaren mace. Ruwan zaƙi yana can ƙarƙashin bututun. Mai karatu ya riƙe wannan siffa, za mu komo kanta.

Uku masu ruwan ɗorawa

Nau'in Primula biyar ne kawai 'yan asalin Birtaniya. Uku daga cikinsu furensu ruwan ɗorawa ne, kuma dangantakarsu ta kusa ce ƙwarai, amma kowane da inda ya zaɓa.

Na farko shi ne Primula vulgaris, wanda Turawan Ingila ke kira primrose. Fure ɗaya yake ɗauka a kan kowane kara, yana buɗewa daga watan Maris zuwa Mayu. Abin da ya fi buƙata shi ne kada ƙasa ta bushe masa a watannin zafi. Saboda haka a yammacin ƙasar, inda ruwan sama ya yawaita, yakan fito a sarari, a gefen hanya da gindin shinge da kan tudun bakin teku. A gabas kuwa, inda ruwa ya yi ƙaranci, sai ya koma cikin kurmi ya fake a inuwa. A kurmin ma yana da dabara: itatuwan can suna zubar da ganye da hunturu, shi kuwa sai ya yi sauri ya yi fure kafin sabon ganye ya fito ya tare masa rana. 'Ya'yansa suna da ɗan maiƙo a jiki wanda tururuwa ke so, ita ce ke ɗaukarsu ta kai gaba. To, tafiyar tururuwa nawa take? Wannan ya sa tsiron ba ya saurin yaɗuwa.

Na biyu, Primula veris, ana kiransa cowslip. Furanninsa ƙanana ne, launinsu ya fi ƙarfi, suna taruwa a kan kara ɗaya su sunkuya gefe guda. Shi ɗan fili ne, ba ya son inuwa. Ya fi jin daɗin tsohuwar makiyaya mai gajeriyar ciyawa, musamman a kan ƙasar alli da ta dutsen farar ƙasa. Abin mamaki a nan shi ne kiwo taimakonsa yake yi. In an bar fili ba kiwo ba yanka, dogayen ciyayi da sarƙaƙiya sai su rufe shi. In kuma aka zuba takin zamani, ciyawa ta yi ƙarfi ta danne shi.

Na uku, Primula elatior, sunansa oxlip a bakin mutanen can, kuma shi ya fi tsananin zaɓe. A nahiyar Turai yana da yawa, amma a Birtaniya kusan ba a samunsa sai a wani ɗan yanki na gabashin Ingila, inda gundumomin Suffolk da Essex da Cambridgeshire suka haɗu. A can ma sai a tsofaffin kurmi, masu ɗaruruwan shekaru, a kan yumɓu mai alli wanda ƙanƙarar zamanin da ta bari, irin wanda ke riƙe ruwa ya jiƙe sharkaf a farkon shekara. Kurmin Hayley da ke Cambridgeshire ya yi suna da shi. Da wuya ya tsallaka zuwa sabon kurmi, har masana suka mai da shi shaida: inda ka gan shi da yawa, wurin ya daɗe yana kurmi.

Waɗannan uku suna iya yin barbara a tsakaninsu. Inda primrose da cowslip suka yi maƙwabtaka, a bakin kurmi alal misali, akan ga tsiro mai kama da oxlip, alhali ruwa biyu ne. Wannan ya daɗe yana rikita masana. Ke nan bambancin mazauni yana cikin abin da ke raba nau'o'in, ya hana su narkewa cikin juna.

Ƙanana biyu na arewa

Sauran biyun ƙanana ne, kuma ƙarƙashin ganyensu kamar an barbaɗa gari. Primula farinosa furensa ja-ja ne mai haske da ɗigon ruwan ɗorawa a tsakiya kamar idon tsuntsu. Yana fitowa a arewacin Ingila, a wurare irin su Teesdale da kwarurukan Yorkshire, a makiyaya mai dausayi inda ruwa ke tsattsafowa daga dutsen farar ƙasa. Primula scotica kuwa, mai fure shunayya, tsawonsa bai wuce 'yan santimita ba, kuma duk duniya ba inda yake sai gaɓar arewacin Sikotland, a Caithness da Sutherland, da tsibiran Orkney. Yana zaune a gajeriyar ciyawar kan tudun bakin teku, inda iska mai gishiri ba ta barin dogon tsiro ya miƙe.

Abin da Darwin ya gano

Ga inda labarin ya fi daɗi a wurina. In ka tsinko furannin primrose daga tsirrai daban-daban ka leƙa bakin bututun, za ka ga iri biyu. A wani, kan macen ne ya leƙo kamar kan allura, jakunkunan gari kuwa suna can tsakiyar bututu. A ɗayan, jakunkunan ne a baki, kan macen yana tsakiya. Mu kira su dogo da gajere, bisa tsawon karan macen. Kowane tsiro iri ɗaya yake ɗauka har ya mutu, kuma a inda tsirran suke da yawa adadin dogo da gajere yakan zo kusan daidai.

Masu lambu sun daɗe da sanin wannan, amma Charles Darwin ne ya fayyace amfaninsa, a wata maƙala da aka buga a 1862, sa'an nan a littafinsa na 1877 kan sifofin furanni. Da farko ya zaci tsiron yana kan hanyar rabuwa ne zuwa namiji da mace, gajeren shi ne zai zama namiji. Da ya ƙirga 'ya'yan sai ya tarar gajeren bai gaza ba ko kaɗan, ya ma fi haihuwa. Sai ya yar da zatonsa. Ina son ɗalibai su lura da wannan hali, domin ba kowane mai bincike ke iya yarda cewa ƙirga ta ƙaryata shi ba.

Daga nan ya shiga ɗaukar garin fure da hannu yana sa wa furanni ɗaya bayan ɗaya. Ya ga cewa in aka haɗa dogo da gajere, 'ya'ya suna cika. In aka haɗa dogo da dogo, ko gajere da gajere, ko fure da kansa, 'ya'yan sai su ragu ƙwarai. A daji ƙwari masu dogon baki ne ke wannan aiki, irin su manyan ƙudan zuma masu gashi da malam-buɗe-littafi. Idan ƙwaro ya zura bakinsa cikin gajere don ya sha zaƙi, gari yakan manne a gindin bakin, daidai wurin da zai goga kan macen dogo. Idan ya shiga dogo, garin yakan manne a tsakiyar bakin, daidai tsayin macen gajere. Da haka tsiron ke guje wa auren gida da raunin da yake jawowa.

A 1905 William Bateson da Reginald Gregory suka nuna cewa wannan hali gadonsa ake yi bisa ƙa'idar Mendel, kuma gajere ne ke rinjaye. A 2016 masu bincike a birnin Norwich na Ingila suka karanta wurin a cikin ƙwayoyin gado na primrose, suka tarar wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin gado biyar, wanda gajere ke da shi, dogo kuwa ba shi da shi sam.

Idan wuri ya ƙanƙance

Wannan tsari yana da tsada. Tsiron da ba ya haihuwa sosai sai da abokin ɗaya irin, a kusa, da kuma ƙwaron da zai haɗa su, yana shiga hatsari idan jama'arsa ta ragu. A ce an nome makiyaya, saura cowslip goma a gefen hanya. Ba mamaki takwas su zama dogo, biyu gajere, ko ma duk goman su zama iri ɗaya. Ƙwari kuma ba su cika kula ɗan ƙaramin gungu ba. Tsirran za su yi ta fure shekara da shekaru, mai wucewa ya zaci lafiya lau, alhali ba magada. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 kan cowslip a tsaunukan Jura ya nuna cewa tsirran ƙananan gungu sun fi ƙarancin 'ya'ya.

Haka kuwa ta faru a Birtaniya. Tsakanin shekarun 1930 da na 1980, Ingila da Wales sun rasa wajen kashi 97 cikin ɗari na tsofaffin makiyayunsu na ƙasa-ƙasa masu furannin daji, saboda huɗa da takin zamani da shuka sabuwar ciyawa. Cowslip ya ja baya da su. A kurmi kuma, da can mutane kan sare itatuwa daga gindi yanki-yanki, su bar su su sake toho, abin da ke shigo da rana jefi-jefi, primrose da oxlip su yi fure tuli. Da aka bar wannan sana'a sai inuwa ta yi yawa, ga kuma bareyin can da suka yawaita suna cinye furen oxlip. Dokar 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai ƙasa ba, ana kuma shuka cowslip a gefen manyan tituna. Wannan yana da kyau, sai dai tsohon kurmin yumɓu ba abu ne da ake shukawa a samu cikin shekara hamsin ba.

Primula scotica ya bi wata hanya dabam. A furensa kan mace da jakunkunan gari tsayi ɗaya suke, yana iya yi wa kansa barbara. A gaɓar da iska da sanyi ke hana ƙwari tashi, wannan ya fi masa jiran abokin da ba lalle ya zo ba. Amma bai kuɓuta daga dogaro da wuri ba: in aka janye tumaki daga tudun da ba iska sosai, ciyawa takan rufe shi, in kuma aka nome tudun, shi ke nan.

Aiki ga aji

Malami ba ya buƙatar primrose kafin ya koyar da wannan. Ya kai ɗalibai wurin gwanda, su nemo wadda ke fure ba ta 'ya'ya, su kwatanta furenta da na mai 'ya'ya. Su duba masara, su ga inda gari yake a sama da inda gashin goyo yake a tsakiya. Sa'an nan su zaɓi tsiron daji guda a bayan makaranta, su yanka furanni ashirin daga tsirrai ashirin a tsaye da reza, su auna tsawon karan macen da tsayin jakunkunan gari, su rubuta a jadawali tare da irin ƙasar da suka samu kowane tsiro, ko jigawa ce ko laka, a rana ko a inuwa.